Katangar Ƙarfen da Ta Raba Farfajiya Biyu: Yadda Aka Kafa Tilted Arc a New York da Yadda Aka Tumɓuke Ta

A watan Yulin 1981, ma'aikatan da ke zuwa aiki a ginin gwamnatin tarayya na Jacob K. Javits, a kudancin Manhattan da ke birnin New York, suka tarar an gindaya musu wata katangar ƙarfe a tsakiyar farfajiyar da suka saba ratsawa safe da yamma. Tsawonta ƙafa 120, kusan mita 37 ke nan, tsayinta ƙafa 12, kaurinta inci biyu da rabi, nauyinta kuwa ya haura tan 70. Ba a miƙe take sambal ba. Ta yi lanƙwasa mai faɗi, ta kuma ɗan rankwafo gefe guda, yadda duk wanda ya tsaya a gindinta sai ya ji kamar za ta rufto masa. Babu fenti, babu ado, babu rubutu, babu fuskar wani gwarzo. Zallan ƙarfe ne, irin wanda ake kira Cor-Ten, wanda da gangan ake barinsa ya yi tsatsa, domin tsatsar da ta lulluɓe samansa ita ke hana cikinsa lalacewa. Mai aikin, Richard Serra, ya raɗa mata suna Tilted Arc.

Ba ta cika shekara takwas ba aka yanka ta gida uku cikin dare aka kwashe. Tsakanin kafawa da kwashewa an yi koke, an yi zaman jin bahasi na kwana uku, an je kotu an kuma ɗaukaka ƙara. Masu ba da labarin sukan mayar da shi rigima tsakanin ƙwararrun da suka san fasaha da talakawan da ba su gane ta ba, ko kuma, in mai bayanin yana ɗaya ɓangaren, tsakanin wani mai girman kai da bayin Allah da ya tare wa hanya. Kowanne daga cikin waɗannan ya bar abu mafi muhimmanci a baya. Hukuma ɗaya ce ta kafa katangar ba tare da ta nemi jin ta bakin masu amfani da wurin ba, ita ce kuma ta tuna da su ranar da take neman hujjar cire ta.

Wa ya saya, me ya saya

Hukumar ita ce GSA, mai kula da gine-gine da kadarorin gwamnatin tarayyar Amurka. Tana da wani shiri da ake ware rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin gina babban ginin gwamnati, a ba wani mai fasaha ɗan ƙasa ya yi aikin da za a ajiye a wurin. A wancan lokaci hukumar tallafa wa fasaha ta ƙasa, NEA, ita ke haɗa ƙaramin kwamitin masana, su ba da sunaye, shugaban GSA ya sa hannu. Ta haka aka zaɓi Serra a 1979, zamanin mulkin Jimmy Carter, aka ƙulla kwangila da shi a kan dala 175,000.

Ba wanda zai ce kwamitin bai san wanda ya ɗauko ba. An haifi Serra a San Francisco a 1938, mahaifinsa ma'aikaci ne a wurin ƙera jiragen ruwa, shi kansa ya yi aiki a masana'antun ƙarfe yana matashi don ya ɗauki nauyin karatunsa. Da manyan fale-falen ƙarfe ya yi suna, waɗanda nauyinsu ne ke riƙe da su a tsaye. A ƙarshen shekarun 1970 wani aikinsa mai suna Terminal da aka kafa a birnin Bochum na Jamus ya riga ya zama abin yaƙin neman zaɓe, inda jam'iyyar CDU ta riƙa caccakarsa. Ita ma GSA ta ɗanɗana irin wannan a gida: a cikin shekarun nan dai, alƙalan kotun tarayya a Baltimore sun yi wa aikin George Sugarman bore, har suna cewa miyagu za su iya laɓewa a cikinsa. Wancan aikin ya tsira. Amma hukumar ta ga alama, ba ta kuma canza komai a yadda take gabatar da irin waɗannan ayyuka ga mutanen da za su zauna da su ba. An duba zanen ta fuskar injiniya da tsaro, an amince. Dubban mutanen da ke shiga ginin kullum kuwa sai ganin abu suka yi a tsaye.

Farfajiyar da kanta ba wani wurin a-zo-a-gani ba ce. Fili ne na daɓe da iska ke kaɗawa, da wata maɓuɓɓugar ruwa a gefe wadda yawanci a kashe take. Serra ya ɗauki lokaci yana lura da yadda mutane ke bi ta cikinsa, kuma tun farko bai ɓoye cewa ba ƙawata wurin ya zo yi ba. A ganinsa, aikin fasahar da ya zauna lafiya a gaban ginin hukuma yana yi mata kwalliya ya zama ɗan amshin shatanta. Abin da ya so shi ne mai wucewa ya farga da jikinsa da tafiyarsa: yana takawa katangar tana miƙewa, tana tsukewa, tana rufe masa wani sashe na gari tana buɗe wani, kowane taku da abin da ido zai gani. In dai nufin shi ne kada wani ya ƙara ratsa filin nan da hankalinsa a wani wuri, to buƙata ta biya, har ta wuce yadda ake so.

Cikin watanni biyu ma'aikata kimanin 1,300 suka sa hannu a takardar koke suna neman a cire ta. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Edward Re, babban alƙalin kotun cinikayyar ƙasa da ƙasa, wadda gininta ke kallon wannan farfajiya. Hedkwatar GSA da ke Washington ba ta motsa ba, ƙura ta lafa, aka shafe kusan shekara uku ana zagaye katangar ana guna-guni.

Zaman kwana uku

Abin da ya sauya ba ra'ayin jama'a ba ne, mai riƙe da ofis ne. A 1984, ƙarƙashin gwamnatin Ronald Reagan, aka naɗa William Diamond shugaban GSA na shiyyar New York. Alƙali Re ya sake rubuta wasiƙa, wannan karon ta faɗa hannun mai kunnen saurare. Diamond ya kira zaman jin bahasi daga 6 zuwa 8 ga Maris 1985. Shi ya shugabanci kwamitin mutum biyar da zai yanke shawara, shi ya zaɓo sauran huɗun, biyu daga cikinsu kuma jami'an hukumarsa ne. Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali.

Mutum 180 suka yi magana. Daga ciki 122 suka ce a bar katangar inda take, 58 suka ce a kawar da ita. Kwamitin ya kaɗa ƙuri'a, huɗu suka ce a ɗauke, ɗaya ya ce a bari.

Magoya bayan Serra sun riƙe waɗannan alƙaluma har yau a matsayin shaidar cewa an gama yanke hukunci kafin a buɗe zauren, kuma da wuya a ce ba su da gaskiya. Sai dai alƙaluman suna da wata fuskar. Su wane ne 122 ɗin? Galibinsu mutanen duniyar fasaha ne: masu sassaƙa da zane irin su Claes Oldenburg, Frank Stella da Keith Haring, mai tsara kiɗa Philip Glass, dillalin ayyukan fasaha Leo Castelli, Joan Mondale matar tsohon mataimakin shugaban ƙasa, da malaman jami'a da shugabannin gidajen adana kayan fasaha. Har da saƙon goyon baya daga tsohon sanata Jacob Javits, wanda ginin ke ɗauke da sunansa, matarsa Marion ce ta karanta. Mutane ne da suka iya magana a bainar jama'a, suna da zarafin barin harkokinsu a tsakiyar mako, kuma ana tashi zaman kowa zai koma unguwarsa. Su 58 ɗin kuwa yawancinsu a nan suke aiki, gobe da safe za su sake zagaye katangar kafin su isa ƙofa. Rinjayen da aka samu a zaure ba shi ne rinjayen da ke farfajiya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma rukuni na uku da ba a gina muhawarar a kansu ba. A cikin ginin nan ofishin shige da fice na New York yake, kullum baƙi na zuwa neman takardun zama da na zama ɗan ƙasa. Su ma jama'a ne, su ma ta nan suke bi. Duk ɓangarorin biyu sun yi ta magana da sunan jama'a, kowa da jama'ar da yake nufi.

Hujjojin masu neman a cire ba duka ne masu ƙwari ba. An ce katangar na jawo ɓeraye da shara, ana yi mata rubuce-rubuce da fenti, ana fitsari a gindinta. Waɗannan matsaloli ne na rashin kula da wuri, ba sai an tumɓuke tan 70 na ƙarfe ake magance su ba. An kawo batun tsaro, cewa tana tare wa masu gadi gani, kuma in bam ya tashi za ta iya karkatar da ƙarfin fashewar zuwa ginin. Wasu kuwa ba su yi kwana-kwana ba, suka ce abin mummuna ne kuma da kuɗin harajinsu aka saye shi. Amma a ƙarƙashin duk wannan akwai koke ɗaya da ba a iya ture shi: wannan shi ne ɗan filin da suke da shi, inda mutum zai fito ya sha iska lokacin hutun rana, inda za a iya yin ɗan taro ko wasa, an zo an tsaga shi biyu ba a ce musu ko sannu ba. Magoya bayan Serra sun amsa da cewa ai dama filin ba ya moruwa kafin katangar ta zo. Wataƙila haka ne. Sai dai gaya wa mutum cewa abin da aka ƙwace masa dama ba shi da daraja ba ya kwantar masa da rai.

A ɗaya ɓangaren ma an yi zuzutawa, har da masu kwatanta shirin cirewar da abin da 'yan Nazi suka yi wa ayyukan fasaha a Jamus. Hujjar da suka fi maimaitawa ita ce ta lokaci: a yi haƙuri, ido zai saba. Tarihi ya ba su misalai. A 1887 manyan marubuta da masu fasaha na Faransa sun rubuta takardar adawa da hasumiyar Eiffel tun ana gininta. Mutanen Chicago sun yi wa ƙaton aikin Picasso ba'a lokacin da aka buɗe shi a 1967, yau kuwa yara ke sulɓiya a gindinsa, yana cikin abubuwan da birnin ke tinƙaho da su. Bangon tunawa da sojojin yaƙin Vietnam da Maya Lin ta tsara, wanda aka buɗe a Washington a 1982, ya sha zagi kafin ya zama inda iyalai ke zuwa su shafa sunayen 'ya'yansu.

Hujja ce mai daɗin ji, amma tana da rauni biyu. Na farko, waɗanda aka ƙi aka dawo aka so kaɗai muke tunawa. Waɗanda aka ƙi aka kuma ci gaba da ƙi ba mai kawo su misali. Na biyu, shi bangon Vietnam ba da haƙuri kaɗai ya tsira ba, sulhu aka yi: aka ƙara tuta da mutum-mutumin sojoji uku na Frederick Hart a 1984 domin a rarrashi masu adawa, duk da Maya Lin ba ta so ba. Kuma wanda ya je wurin bangon da ƙafarsa ya kai kansa. Magatakardan da ke aiki a hawa na ashirin na ginin Javits bai zaɓi komai ba.

Cirewa ita ce rusawa

Maganar da ta fi kowacce nauyi a zaman ita ce ta Serra kansa. Diamond bai ce za a narkar da katangar ba. Cewa ya yi za a mayar da ita wani wuri da ya fi dacewa. Serra ya ce babu wannan zancen. Don wannan fili aka yi ta, da faɗinsa da tsawon gine-ginen da ke kewaye da shi da hanyoyin da ƙafafu ke bi aka auna lanƙwasarta da rankwafawarta. Ƙarfen kaɗai ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne abin da ke faruwa tsakanin ƙarfen da wurin. Saboda haka, in ji shi, cire aikin daidai yake da rusa shi. Ya ƙara da cewa jami'an GSA sun tabbatar masa tun farko cewa na dindindin ne, in kuwa aka kai shi wani wuri zai cire sunansa daga kai.

A nan Serra ya yi gaskiya, har ma wani kwamitin da NEA ta kafa don nemo sabon wuri ya dawo a 1987 ya tabbatar da haka: ba inda za a kai ta ta ci gaba da zama abin da take. Amma wannan hujja tasa tana da kaifi biyu, kuma bai taɓa yarda da na biyun ba. Idan wurin ɓangare ne na aikin, to mutanen wurin fa? Tafiyarsu ya auna, jikinsu ya tsara zai ji nauyin ƙarfen, da su aikin ke cika. Ba zai yiwu a ce mai wucewa yana cikin kayan da aka haɗa aikin da su, sannan a ce ra'ayinsa ba ya cikin lissafi ba. Serra ya sha faɗa cewa ba aikin fasaha ba ne ta faranta wa mutane rai, kuma ita ba dimokuraɗiyya ba ce. A ɗakin aikinsa ko a gidan adana kayan fasaha wannan magana daidai take, kuma da ba don masu irin wannan taurin kai ba da ba a samu sabon abu ba. A ƙofar ofishin da mutum ke neman abincinsa kuwa, da kuɗin baitulmali, maganar tana buƙatar ƙarin bayani, shi kuma bai ga dalilin da zai sa ya yi shi ba.

Wannan bai wanke Diamond ba. Wanda ya damu da ra'ayin ma'aikata da gaske zai iya gwada abubuwa da dama kafin ya kai ga zarto: a gyara maɓuɓɓugar ruwan, a sa kujeru, a riƙa share wurin, a yi wa mutane bayanin abin da aka kafa musu. Ko kuma, in jin bahasi za a yi, a ba wanda ba shi da hannu a rigimar ya shugabanta. Ba a bi ko ɗaya daga cikin waɗannan da gaske ba. A ƙarshen watan Mayun 1985 muƙaddashin shugaban GSA a Washington, Dwight Ink, ya amince a ɗauke katangar.

A gaban kotu

Serra ya shigar da ƙara a ƙarshen 1986 yana neman diyyar dala miliyan 30. Ya ce an saɓa kwangila, an tauye masa 'yancin faɗar albarkacin baki, an kuma hana shi sauraro na adalci. Kotun tarayya ta kori ƙarar a 1987, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a 1988. Dalilinta a taƙaice: ya sayar, gwamnati ta saya. Kwangilar ta ce aikin mallakin gwamnatin Amurka ne, alkawarin dindindin da ya dogara da shi kuma ba a rubuta shi yadda zai ɗaure ta ba. Tun da ya karɓi kuɗi ya miƙa, saƙon da katangar ke isarwa ya zama na mai ita. Kotun ta ƙara da cewa ko da yana da sauran haƙƙi, ba don wani ra'ayin siyasa da aikin ke ɗauke da shi za a cire shi ba, don tare fili ne, kuma ya riga ya samu shekaru yana isar da abin da yake son isarwa.

Sauran fata ɗaya ya rage masa. A ƙasashen Turai, musamman Faransa, doka ta daɗe da sanin cewa mai fasaha yana da wani haƙƙi a kan aikinsa wanda sayarwa ba ta kashewa: kada a jirkita shi ko a wulaƙanta shi yadda zai zubar masa da mutunci. Wannan yana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallakar fasaha, wadda Amurka ta shafe fiye da shekara ɗari tana ƙin shiga. Ta shiga ranar 1 ga Maris 1989, amma majalisa ta tsara shigar yadda ba wanda zai iya kai ƙara da yarjejeniyar kai tsaye. Mako biyu bayan haka, a daren 15 ga Maris, ma'aikata suka zo da injinan yankan ƙarfe da na ɗaga kaya. Kafin gari ya waye an raba katangar uku, an kai ta wani filin ajiye motoci na gwamnati a Brooklyn. Daga baya aka mayar da gutsattsarin rumbunan ajiya na gwamnati. Serra bai taɓa yarda a sake kafa su a ko'ina ba, a wurinsa tarin ƙarfe ne kawai.

A 1990 majalisar Amurka ta zartar da dokar kare haƙƙin masu zane da sassaƙa, wadda aka fi sani da VARA. Ta ba mai fasaha ikon hana a jirkita aikinsa, da hana a lalata aikin da ya samu karɓuwa a idon masana, ko da ya sayar da shi, sai in ya yafe wannan haƙƙi a rubuce. Ana yawan danganta ta da rigimar Tilted Arc, kuma dokar tana da haƙora: a 2018 wani alƙali a New York ya umarci mai ginin 5Pointz da ke Queens ya biya masu zanen bango 21 dala miliyan 6.75, saboda ya sa an shafe zanensu da farin fenti cikin dare a 2013. Abin mamakin shi ne, da dokar ta riga Serra zuwa ma da wuya ta cece shi. A 2006, a shari'ar wani mai sassaƙa David Phillips kan wani lambu a Boston, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa dokar ba ta kare dangantakar aiki da wurin da aka yi shi dominsa ba. Ta kare ƙarfe da dutse, ta bar mai fili da filinsa.

Abin da ya biyo baya

Farfajiyar ta samu kujerun da ake nema. A 1997 aka kammala sabon tsarin Martha Schwartz, mai dogayen kujeru koraye da ke murɗawa kewaye da ƙananan tuddan ciyawa. Shi ma bai dawwama ba, an tumɓuke shi an sake tsara wurin a hannun kamfanin Michael Van Valkenburgh, aka buɗe a 2013, ba tare da an yi wata hayaniya ba.

Hukumomin da ke sayen irin waɗannan ayyuka sun ɗauki darasi, wani mai kyau wani marar kyau. GSA ta shigar da wakilan masu amfani da gini da na unguwa cikin masu zaɓe. Kwangiloli suka fara fayyace abin da zai faru in an buƙaci cirewa. Birane da yawa suka koma ga ayyukan wucin gadi: a dandalin Trafalgar na Landan, tun 1999 ake ɗora aiki a kan wani dandamali da ya daɗe babu kowa a kai, ya yi wa'adinsa a sauke a ɗora wani, ƙofofin yadi 7,503 da Christo da Jeanne-Claude suka jera a lambun Central Park na New York a 2005 kwana 16 kaɗai suka yi, kuma da kuɗinsu. Wanda ya san abu zai tafi yakan iya haƙuri da shi, har ya tsaya ya kalla. Marar kyan shi ne tsoro. Kwamitin da babban burinsa shi ne kada kowa ya yi ƙorafi, abin da zai saya shi ne wanda ba mai waiwayarsa, kuma gaban gine-ginen gwamnati a ƙasashe da dama cike yake da irinsu.

Shi kuwa Serra bai faɗi ba. Manyan fale-falen ƙarfensa masu lanƙwasa sun cika zaure mafi girma a gidan adana kayan fasaha na Guggenheim da ke Bilbao a Sifen tun 2005, gidan MoMA na New York ya yi masa gagarumin baje koli a 2007, a 2014 kuma ya kafa dogayen ƙarafa huɗu a hamadar Katar. Ya rasu a watan Maris na 2024 ana lissafa shi cikin manyan masu sassaƙa na zamaninsa. Mutane na sayen tikiti su bi layi don su ratsa tsakanin ƙarfe mai tsatsa iri ɗaya da wanda aka kora daga Manhattan. Wasu na ganin wannan ya nuna ma'aikatan ginin Javits sun yi kuskure. Ni abin da na gani shi ne bambancin wanda ya je da kansa da wanda aka tare.

Wata tara bayan kwashe katangar, a daren 15 ga Disamban 1989, wani mai sassaƙa haifaffen Sisili, Arturo Di Modica, ya lallaɓo da babbar mota ya sauke bijimin tagulla mai nauyin fiye da tan uku a gaban kasuwar hannayen jari ta New York, tafiya kaɗan daga inda Tilted Arc ta tsaya. Ba kwamiti, ba kwangila, ba izini, da kuɗin aljihunsa ya yi. Aka ɗauke shi a ranar, jama'a suka yi ca, cikin mako guda hukumar lambunan birnin ta dawo da shi ta ajiye a wani ɗan lambu na kusa da ake kira Bowling Green, inda yake har yau masu yawon buɗe ido na bin layin ɗaukar hoto da shi. A watan Maris na 2017 wani kamfanin zuba jari, State Street Global Advisors, ya sa aka kafa mutum-mutumin wata yarinya, aikin Kristen Visbal, ta riƙe ƙugu tana fuskantar bijimin. Di Modica ya fusata. Ya ce ko da yake ba a taɓa bijimin ba, an sauya masa ma'ana: shi alamar ƙarfin gwiwa ya yi bayan faɗuwar kasuwa ta 1987, yanzu an mayar da shi mugun da ke yi wa yarinya barazana. Hujjar Serra ce ta dawo a bakin mutumin da bai nemi izinin kowa ba: abin da ke kewaye da aiki yana cikin aikin. A Disamban 2018 birnin ya ɗauke yarinyar ya mayar da ita gaban ginin kasuwar hannayen jari, dalilin da ya bayar kuma shi ne cunkoson jama'a da haɗarin motoci.